Yadda Orval Ya Wanke Bindigogin Tolliver

Idan ka shigo garin Tolliver ka tambayi gidan Orval Petrasek, ba mai ɓata lokacin nuna maka da hannu. Cewa za a yi ka tsaya ka kasa kunne, inda ka ji murya ta fi ta kowa nan ne. Dogo ne mai tumbi, yana sayar da wayar shinge da famfunan shayar da shanu, kuma a faɗarsa duk abin da aka ƙera da ƙarfe a duniyar nan ya san cikinsa da bayansa. Ya yi soja da ƙuruciya, wannan ba ƙarya ba ne. Abin da ba ya son a tono shi ne, a sashen wanki da guga ya yi sojan nasa tun daga shiga har fita.

To mu a nan muna da wasan da muke yi duk kaka. A zamanin kakannin kakanninmu wasu 'yan fashi sun shigo a kan dawakai za su kwashe banki, mutanen gari suka yi musu ruwan wuta, ko ɗaya bai fita da rai ba. Shi ne duk shekara sai an maimaita abin a tsakiyar titi, da tufafin da, da libarba irin ta da, da harsashin wasa mai albarushi zalla babu dalma. Baƙi kan zo daga birane su cika gari, su ci nama, su ɗau hoto. Babban matsayi a wasan shi ne na Mai Tauraro, wato shugaban 'yan doka mai tauraron gwangwani a ƙirji, wanda ke harbe madugun 'yan fashi ana tafi.

Shi kuwa Orval, shekara da shekaru aikinsa ɗaya: shi ne mai wucewa da ake fara harbewa. Da an buɗe wasa zai fito da kwando a hannu, a ji daram, ya zube. Daga nan yana kwance cikin rana da ƙudaje, kusa da inda dawakai ke sauke nauyinsu, har a tashi. Abin yana cin ransa ƙwarai, don mutumin da ke da magana a baki kamarsa an ba shi aikin da ko tari ba a yarda ya yi ba.

Bana sai mai riƙe da tauraron ya faɗo daga kan tsani ya karya ƙugu. Orval ya je asibiti dubiya da furanni, yana ta jajantawa, amma ko yaro ya kalli fuskarsa ya san faɗuwa ta zo daidai da zama.

Aka kira taro a ɗakin 'yan kwana-kwana. Misis Stroud ce shugabar wasan, tsohuwa 'yar firit da ta koyar da rabin mutanen garin karatu, har yau in ta ɗaga gira manyan maza sai su gyara zama. Ita ke da ikon bayar da tauraro. Kafin ta buɗe baki Orval ya miƙe, ya zare libarbar da ke ƙugun likitan haƙorin garin, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, ku dubi abin kunya!" in ji shi. Ya nuna gangar bindigar, wato dunƙulen ƙarfen nan mai ramuka shida da ke juyawa da harsashi. A fuskarta ta gaba kowane rami yana da baƙin zobe kewaye da shi, inda wutar harbi ke lasa. "Baƙo ya taso tun daga birnin Omaha da na'urar hoto, ka nuna masa bindiga, me zai gani? Wannan ƙazantar! Ni a soja, wanda aka kama da irin wannan sai ya kwana a gadirum."

Daga can baya aka yi dariya. Burl Kinnaman ne, yayan matar Orval, makiyayi mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda shi ke fitowa a madugun 'yan fashi.

"Suruki, zauna kada ka ji wa kanka ciwo," in ji Burl. "Wannan ba datti ba ne, tabon wuta ne. Cikin ramuka da bututu ake wankewa, mun kuma wanke. Wannan zoben ka goge shi yau, ka yi harbi gobe, ya dawo ya gaishe ka. Baƙin gindin tukunya ya taɓa ɓata miya?"

"Maganar ragwaye ke nan!"

"Maganar masu aikin yi dai. Kai da sabulu ai sai Allah, mun san inda ka yi yaƙinka."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Orval ya yi jajir, ya juya wajen tsohuwa ya dafa ƙirji. "Misis Stroud, a ba ni bindigogin wasan nan gaba ɗaya. In ban dawo da su suna ɗaukar ido kamar madubi ba, ku binne ni da gaske a inda nake kwanciya. In kuwa na yi, tauraro nawa ne."

Misis Stroud ta dube shi ta saman tabarau. Ita dai so take a tashi ta je ta duba burodinta a wuta. Ta ce, "To, Orval. Tauraro naka ne, ka kawo mana madubin."

Wa ke ƙin wankin banza? Nan take maza suka yi ta kwance kube suna tarawa a gabansa, na 'yan gari da na 'yan fashi. Har limamin coci ya miƙa tasa, wadda ya gada daga kakansa, yana cewa a bi ta a hankali. Burl kaɗai ya dafe tasa da hannu biyu.

"Kawo mana," in ji Orval.

"Na ba ka ƙanwata, na ga yadda ta koma. Wannan kam a'a."

Orval ya kwashi kaya ya kai rumfar bayan gidansa. Ya zare ƙusar da ke riƙe kowace ganga, ya ciro su duka, ya zube su a bahon wanki guda, ƙarfe na bugun ƙarfe. Ya sa tsumma, zobe ko gezau. Ya sa buroshi da sabulu, zobe yana nan yana kallonsa. Ya goga har hannu ya yi kanta, ya zagi zoben, ya zagi wanda ya ƙirƙiro albarushi.

Can sai idonsa ya faɗa kan manyan kwalaben khal, ruwan tsamin nan da matarsa Lavonne ta tanada don tsuma kokwamba. Ita ce ke cin gasar kokwamba mai tsami da ake yi ranar wasan kusan duk shekara, kuma ba a taɓa mata kayan. Orval ya tuna yadda khal ke cinye tabon shayi a rigar hafsa. Ya leƙa ya ga ba ta nan, ya tuttule kwalaben a baho har ya rufe gangunan, ya wanke hannu ya tafi shagon aski don ya ba mutane labarin nasarar da bai riga ya gani ba.

"Sirri ne na soja," ya ce wa wanzami da masu jiran layi. "Ba kowa aka koya wa ba. Mu kaɗan ne muka rage a ƙasar nan."

Ya daɗe yana zuba. Da ya dawo ya iske Lavonne tsaye a kan baho, hannu a ƙugu.

"Orval, ina khal ɗina?"

"Yana aikin ƙasa."

Ya sa hannu ya ciro ganga ɗaya. Wayyo, zobe kam ya tafi! Sai dai ba shi kaɗai ya tafi ba. Shuɗin rinin nan mai duhu da maƙera ke yi wa ƙarfen bindiga don kada ya yi tsatsa, shi ma ya bi shi. Ganga ta fito tsirara, fari-fari toka-toka kamar cokalin gidan abinci. Ya ciro wata, haka. Ya ciro ta limami, ita ma haka. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Kin gani? Azurfa ke nan. Asalin launinsu ne ya fito."

"Ni dai na ga garin neman gira an rasa ido," in ji Lavonne. "Kuma ka sani, in na rasa gasar nan a rumfa za ka ci abinci har dusar ƙanƙara ta sauko."

Ya ɗauraye su da ruwan famfo ya shanya a kan shinge, ko ɗigon mai bai shafa musu ba. Da gari ya waye azurfa ta zama manja. Tsatsa ta rufe su jawur tun daga kai har gindi. Maƙwabcinsa mai kiwon zuma ya leƙo ta kan shinge da kofi a hannu.

"Orval, yaushe ka fara shanya tumatir?"

"Mataki na biyu ne wannan. Ba za ka gane ba."

"Akwai na uku?"

Akwai kuwa. Orval ya ɗauko samfefa mai kaushi ya hau kankara, da ya gaji ya kunna dutsen wasa gatari ya ringa kanga su ɗaya bayan ɗaya, tartsatsi na tashi. Tsatsa ta fita, 'yan lambobin da ke jikin gangunan ma suka bi ta. Suka fito faci-faci, nan fari nan ja, kamar kan mai ƙyasfi. Ya tsaya ya yi ta kallonsu. Ko shi da ba ya ganin laifin kansa ya san ba za a kai wa limami wannan ba.

Lavonne ta fito da shara ta same shi zaune da gwangwanin baƙin man takalmi, yana shafa wa ganga da tsohuwar safa.

Ta ajiye shara. "Tsaya in gane. Ka ƙarar mini da khal don ka cire baƙi?"

"I."

"Yanzu kuma baƙi kake shafawa?"

"Wancan baƙin ƙazanta ne. Wannan baƙin tsafta ne."

"Allah ya ba ni haƙuri," in ji ta. "Yayana ya faɗa mini tun ranar bikin aurenmu."

Sauran aiki mayar da kowace ganga jikin bindigarta, kuma a nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Ita libarba kowace da gangarta, maƙeri ya daidaita su tun a masana'anta kamar ƙafa da takalmi. Ga su nan a baho duk baƙaƙe, ba lamba, ba alama. Orval ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Wadda ta shige salin-alin ya yabe ta. Wadda ta yi lako-lako ya ce ta sami walwala. Wadda ta ƙi shiga ya lallashe ta da guduma.

Ranar wasa gari ya cika maƙil. An jera dammunan ciyawa a gefen titi, baƙi sun zauna da masara gasasshiya a hannu, 'yan makaranta a sahun gaba, rana kuwa ta buɗe sosai. 'Yan wasa suna bayan banki suna ta duban hanya, sai da masu badujala suka fara busa sannan Orval ya iso da baro cike da bindigogi, tauraro na walƙiya a ƙirjinsa. Da gangan ya makara, don kada a sami lokacin dubawa.

"Kowa ya ɗau tasa! A hankali, sabon gyara ne!"

Likitan haƙori, wanda aka ba gadon kwandon Orval, ya shinshina tasa. "Me ya sa take warin takalmi?"

"Tawa harsashi ya ƙi shiga," in ji wani.

"Tawa shiga yake ya fito ta gaba!"

Limami ya dubi tafinsa ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya dubi farar rigarsa inda ya goga. Ya buɗe baki, amma Allah ya taimaki Orval, muryar Misis Stroud ta tashi a lasifika tana karanto labarin kamar yadda ta saba. Ba dama kuma, kowa ya ruga wurinsa.

'Yan fashi suka shigo a sukwane, Burl a gaba. Likita ya fito da kwando. Burl ya ɗaga bindigarsa mai baƙin zobe, daram! Likita ya zube da kyau, aka yi tafi. Suka shiga banki suka fito da buhu.

"Sai jaruman Tolliver," in ji lasifika, "suka yi musu ruwan wuta ta kowace kusurwa!"

Shiru. Ko'ina ka duba maza ne a bayan ganga da keken doki suna kokawa da bindiga. Wani ya sa gwiwa, wani yana buga tasa a jikin turke. Rana ta narkar da man takalmi yana ta ɗiga a hannun riga.

Misis Stroud ta gyara murya. "Na ce ruwan wuta."

Mai kiwon zuma ya ga abin zai lalace, ya leƙo ya nuna wani ɗan fashi da bindiga ya ce da baki, "Daram!" Ɗan fashin mutumin kirki ne, ya dafe ciki ya faɗi. Ya juya kan na biyu, "Daram!"

"Kai, ni ba na mutuwa da baki," in ji wancan. "Na yi tafiyar mil nawa da doki a mota, sai an harbe ni sosai."

Baƙi suka fara ƙyaƙyatawa. Ai kuwa sai ƙofar ofishin 'yan doka ta buɗe, Orval ya fito yana taku ɗai-ɗai, ƙirji a gaba. Wannan ce ranar da ya yi shekaru yana mafarki yana kwance cikin ƙudaje. Ya tsaya tsakiyar titi ya yi jawabin da aka rubuta, ya ƙara da nasa mai tsawo. Sannan ya fizgo libarba da irin juyin da ya daɗe yana gwadawa a gaban madubi.

Ashe bai danna ƙusar ta zauna ba. Ƙusa ta yi tsalle, ganga ta fice ta faɗi ƙasa, ta kama gangarawa. Titin namu kuwa gangare ne zuwa wajen rijiya. Mai Tauraro ya dubi bindiga ya hango Burl ta cikin ramin da ganga ta bari. Ya duƙa ya bi ganga da gudu, tumbi na rawa, hula ta faɗi, ya kai hannu ta zille, ya sake kai wa ta shige tsakanin ƙafafun doki.

"Suruki!" Burl ya ƙwala masa kira daga kan sirdi. "Ka zo ka kashe ni mana, rana na dukana!"

"Ka jira! Ba ka da haƙuri ne?"

"In ara maka tawa? Sai dai da datti!"

Gawar likita ta ɗago kai don ta ga abin da ake wa dariya. Lasifika ta ce, "Gawa ta koma ta kwanta." Ta koma.

Ganga ta je ta tsaya a ƙafar wata baƙuwa mai na'urar hoto. Orval ya iso da rarrafe, ya ɗago, suka yi ido huɗu da gilashin na'ura, ta ɗauka ƙyas. Burl ya jira iya jira, ya dubi mutanensa, ya ɗaga kafaɗa. Ya rataya buhu, ya cire hula ya gaida mata, suka juya dawakai suka fice daga gari a hankali, har wanda ya mutu da baki ya tashi ya kakkaɓe wando ya bi su. Tun da aka kafa Tolliver ba a taɓa cin bankin nan ba sai ranar.

Wata yarinya a sahun gaba ta ce da ƙarfi, "Ashe ɓarayin ne suka ci? Ba haka aka koya mana ba!"

Misis Stroud ta kashe lasifika. Baƙi kuwa har da masu faɗowa daga kan ciyawa, suna tafi suna fito suna share hawaye.

Da yamma aka hallara cin abinci a filin coci, gari da baƙi. Orval ya so ya sulale, Lavonne ta riƙe masa hannun riga ta ce inda ta sha kunya nan zai zauna shi ma ya sha. A teburi guda masu bindigogi sun baje kayansu suna ta gwada ganga, wannan na miƙa wa wancan, ba mai dariya a cikinsu. Limami ya gano tasa, ya goge man takalmin, ya ga abin da dutse ya yi wa gadon kakansa. Bai yi zagi ba, amma idonsa ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Baƙi kuma sai tururuwa suke wajen Orval. "Malam, kai gwani ne! Mun sha zuwa wasan nan, ba mu taɓa jin daɗi irin na yau ba. Yadda ka bi abin nan da rarrafe, kai ka ce wawan gaske ne!"

Orval ya ji yabo, kunnuwa suka miƙe. Ya gyara tauraro. "E to, ba kowa zai iya ba. Sai da shiri. Na daɗe ina tsara..."

"Orval Petrasek, zo nan."

Misis Stroud ce, tsaye a kan dandamali da abin magana a hannu. Ya hau yana murmushin yaƙe.

"Baƙinmu sun ce baɗi ma haka suke so, za su zo da 'yan'uwansu," in ji ta. "To tambaya ɗaya zan yi maka a gaban kowa. In da gangan ka yi, ka lalata bindigogin mutane da saninka ke nan. Ka ajiye tauraro, ka sauka, ga masu kaya can suna jiranka." Maza a teburin nan suka miƙe tsaye, likita yana naɗe hannun riga. "In kuwa wauta ce tsagwaronta, to baiwa ce, ba a koyonta, ba kuma mai iya yi mana irinta. Tauraro naka ne har ka tsufa, ka riƙa bin ganga duk shekara. Wanne ne?"

Orval ya dubi mazan. Ya dubi baƙin da suka gama kiransa gwani. Ya dubi Burl yana cin naman haƙarƙari hankali kwance, ya dubi Lavonne ta rufe fuska da hula. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko a kan hanya ya ɓata cewa yake garin ne ya matsa. Ya sunkuya ya kalli ɗan gwangwanin da ke ƙirjinsa, ya shafa shi da yatsa, ya bar masa tabon man takalmi.

"Wauta ce," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Na baya ba su ji ba." Ta miƙa masa abin magana.

Ya karɓa. Ya kai shi bakinsa.

"Wauta ce!" Muryarsa ta karaɗe fili har bakin titi. Ya ɗan tsaya, sai ƙirjin nan ya fara tasowa da kansa. "Amma ku bincika jihar nan kaf, daga wannan iyaka zuwa waccan, in kun sami mai irin tawa ku kawo shi mu kara!"

Burl ya ajiye ƙashi ya goge gashin baki. "Karo na farko ke nan da surukina ya yi kuri," in ji shi, "kuma ba wanda zai ƙaryata shi."